Marsandi Sunan 'Ya Mace Ne

Ya Ubangiji, na gode da ka tashe ni lafiya. Kafin hidimar yini ta kwashe ni, bari in ɗan zauna a gabanka da wani suna da ya tsaya mini a rai.

Sunan nan Marsandi.

Babu wanda bai san shi ba. Ko yaron da bai taɓa wuce ƙauyen Kuki ba, in aka tambaye shi, zai ce mota ce ta masu hali. In ta biyo titin da ya taso daga Katsina ya ratsa Kurfi ya shigo Dutsin-Ma, sai an bi ta da kallo. In aka ce wane ya sayi Marsandi, an gama magana. Ya samu.

Akwai kuma manyanta na dakon kaya, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Inugu. Sun sha kai hatsinmu da shanunmu kudu.

Amma sunan 'ya mace ne. Mercedes ake rubuta shi, daga Sifaniya ya fito. Har yau ana raɗa wa 'yan mata shi a can, da kuma ƙasashen Kudancin Amurka masu jin Sifaniyanci. Bakinmu ne ya lanƙwasa shi ya koma Marsandi.

Wani attajiri ne mutumin Ostiriya, Emil Jellinek, ya ɗora shi a kan mota. Yana zaune a birnin Nis na Faransa, yana dillancin motocin kamfanin Daimler na Jamus. Yana da 'ya da aka haifa a 1889, ana kiranta Mercedes. A 1900 ya ce a ƙera masa sababbin motoci 36, ya kuma kafa sharaɗi: sunan 'yarsa za a sa musu.

Aka kawo ta farko a watan Disamba na wannan shekara. A watan Maris na 1901 ta cinye tseren motoci a Nis, sunan ya bazu. A 1902 kamfanin ya yi masa rajista. Da kamfanonin Daimler da Benz suka haɗe a 1926, sunan Mercedes aka sa a gaba.

Shekarar yarinyar 11 lokacin da motar ta fito. Ba ta ɗaura ko ƙusa ɗaya ba. Ba ta zana komai ba, ba ta zuba ko kwabo ba. Ubanta ne kawai yake sonta.

Har ma a 1903 uban ya ƙara sunanta a kan nasa, ya zama Jellinek-Mercedes. Turawa sun ga abin mamaki. Mu kam mun saba. Dattijo da gemunsa, sai a bar sunansa na yanka a riƙa ce masa Baban Rahama, kuma ya amsa da murna.

To, me sunan yake nufi? Jinƙai. Kuma jam'i ne, jinƙai iri-iri, wani a kan wani. Da namu harshen sai in ce rahamomi.

Da na ji haka sai sunan ya daina zama baƙo a kunnena. Ai muna da shi a gida. Maƙwabtanmu Musulmi suna da Rahama da Rahmatu. A gidajen Kirista ga Alheri, ga Kyauta, ga Godiya. In ka tsaya bakin rijiya da safe ka kira ɗaya daga cikin sunayen nan, da wuya a rasa mai waiwayowa.

Ina tunanin ranar suna, ya Ubangiji. Jaririya kwana bakwai a duniya. An yanka rago, an raba goro, wanzami ya yi aski, mata sun cika tsakar gida. Aka ce sunanta Rahama, kowa ya ce Allah ya raya.

Ba ta share ɗaki ba tukuna. Ba ta ɗebo ruwa ba. Ba wanda ya san ko za ta yi kirki ko za ta ba da wahala. Abin da ta kawo kawai kuka da hana barci. Amma an riga an kira ta Rahama, kuma sunan ya zauna.

Yawancin sunayenmu na gargajiya labarin abin da ya faru suke bayarwa. Talatu ta zo ran Talata. Kande ta zo bayan maza. Auta ta rufe ƙofa. Wasu ma tsoro ne ya haife su, kamar Ajuji da Ayashe, waɗanda uwa mai wabi ke ba ɗanta don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta ƙyale shi.

Rahama kuwa labarinka take bayarwa. Iyayen sun dubi abin da ke cikin zani, suka ce wannan daga wurinka ne, ba mu biya ba.

Nan ne sunan Mercedes ya kama ni. Tushensa a harshen Latin wata kalma ce, merces, kuma ma'anarta ta farko ita ce ladan aiki. Kuɗin da ake ba ma'aikaci in ya gama. Da tafiya ta yi tafiya, a bakin masu bi, sai ta koma nufin alherin da ake yi wa mutum ba don ya cancanta ba. Ko mersi ɗin da 'yan'uwanmu na Maraɗi ke faɗa in za su yi godiya da Faransanci, daga nan ta fito.

Daga lada zuwa jinƙai. Kalmar ta yi wannan tafiya cikin ɗaruruwan shekaru. Zuciyata tana kan hanya har yanzu.

Na san ɗan ƙwadago, ya Ubangiji. Da damina in noma ya kankama, yana fitowa da fartanyarsa tun da sassafe. A yi jinga, a nuna masa iyaka. Ya sunkuya har rana ta karkata. Da ya kai kunya ta ƙarshe sai ya miƙe, ya nufi mai gona. Ba roƙo ya je yi ba. Haƙƙinsa ne, kuma in an rage ko naira ɗaya yana da bakin magana.

Wannan daidai ne a gona. Kai da kanka ka hana a danne wa ma'aikaci guminsa.

Amma zuciya takan ɗauko wannan tsari ta kawo gabanka. Takan yi lissafi a ɓoye. Na yi addu'a, na je sujada, na fitar da zakka, ban ci na kowa ba. Saboda haka ya kamata ruwa ya sauka a kan lokaci, yara su yi lafiya, dare ya wuce ba a ji harbi ba. Ba ta faɗa da baki. Amma in abu ya karkace, sai ka ji ta tana gunaguni kamar wadda aka cuta a jinga.

Yesu ya san wannan zuciyar. A Matiyu sura 20 ya ba da misalin mai garkar inabi da ya ɗauki ma'aikata, wasu tun da asuba, wasu da hantsi, wasu da tsakar rana, wasu saura sa'a ɗaya a tashi. Da yamma ya biya kowa dinari guda. Waɗanda suka sha rana suka ji haushi.

Duk lokacin da na karanta wurin, tare da su nake tsayawa. Ina jin zafinsu. Sai daga baya nake tambayar kaina: wa ya ce mini ni na asuba ne? Wa ya ba ni lafiyar da na fito da ita? Wa ya kira ni aikin tun farko?

Malaman maƙwabtana Musulmi ma suna koyar da cewa aikin mutum shi kaɗai ba ya shigar da shi Aljanna, sai rahamar Allah ta lulluɓe shi. Mun bambanta a abubuwa da yawa, kuma ba ƙanana ba. Amma a nan dukanmu hannu muke miƙawa.

Sauran labarin sunan ya fi nauyi, ya Ubangiji, domin ya shigo har cikin gidajenmu.

Mutanen Sifaniya suna da al'adar ba 'ya'yansu mata laƙuban Maryamu uwar Yesu. Dolores na nufin baƙin ciki. Consuelo na nufin ta'aziyya. Mercedes kuma daga laƙabin Maryamu ta Jinƙai ya fito. Ni ba ɗan Katolika ba ne, kuma kai kaɗai nake roƙo. Amma abin da ya haifi laƙabin ya sa ni shiru.

A 1218, a birnin Barsalona, wani ɗan kasuwa mai suna Pedro Nolasco ya kafa ƙungiya da wannan suna na jinƙai. Sarki Jaime na Ɗaya na Aragon ya mara masa baya, Fafaroma Gregory na Tara ya amince da ita a 1235. Aikinta guda ne: fanso kamammu.

Zamani ne na yaƙi da hari tsakanin daulolin Kirista da na Musulmi, a tudu da kan teku. Kowane ɓangare yana kama mutanen ɗayan. Manomi a gonarsa, masunci a jirginsa, sai a wayi gari babu shi. In danginsa masu kuɗi ne su fanshe shi. In talaka ne ya tsufa a can.

Don talakan nan ƙungiyar ta tashi. Suna bin gari gari suna tara sadaka, su ƙulle kuɗin, su tsallaka zuwa inda ake tsare da mutane, su yi ciniki, su dawo da su. Su ma Musulmin Andalus suna da masu irin wannan aiki, ana ce wa mutum fakkak, mai kwance ɗaurarre. A rabon zakka ma akwai kason 'yanta wanda ke cikin ƙangi.

'Yan ƙungiyar Nolasco suna ɗaukar alkawura uku irin na sauran masu zaman zuhudu. Suka ƙara na huɗu. In kuɗi sun gaza, kuma kamamme yana cikin haɗarin rasa bangaskiyarsa, ɗayansu zai zauna a madadinsa, shi ya tafi gida.

Har yau ran 24 ga Satumba Barsalona tana bikin wannan suna. Yaranmu sun san birnin da ƙwallo. Ni yanzu da wannan na san shi.

Ya Ubangiji, ba sai an fassara mana kalmar fansa ba. Mun san ta a Kurfi da Dutsin-Ma, da Safana da Batsari, da duk garuruwan da ke kallon dajin Rugu. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, duniya ta ji. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe mana saboda 'yan bindiga. Waɗanda aka ɗauka ɗaya-ɗaya, biyu-biyu, daga gona ko daga ɗakin kwana, kai kaɗai ka san adadinsu.

Mun san yadda abin ke tafiya. Waya ta yi ƙara, a faɗi kuɗin da ko a mafarki gidan bai taɓa riƙewa ba. A yi ta magiya. A sayar da shanun huɗa. A jinginar da gona. A fasa rumbu tun kafin bazara. Dangi na birni su aiko, maƙwabta su yi karo-karo, a yi shela a masallaci da majami'a. Wani lokaci a ce sai an haɗa da babur.

Sannan a nemi wanda zai kai. Wannan mutumin nake yawan tunawa. Ya ɗauki kuɗin da ba nasa ba, ya shiga daji don wanda watakila ba ɗan ɗakinsu ba ne, ya kuma san an sha riƙe mai kai kuɗi. Ba shi da ƙungiya, ba Fafaroman da ya san da shi. Amma alkawarin nan na huɗu ne yake cikawa da ƙafafunsa.

Karɓar kuɗin fansa zalunci ne tsagwaronsa. Ba na yi masa ado, kuma kai ba ka kama da masu yin sa ta kowace fuska. Wurin wanda aka fanso nake dubawa.

Shi bai biya komai ba. Yana ɗaure a gindin itace lokacin da ake sayar da shanun. Bai san wa ya ba da dubu biyar ba, bai san tsohuwar da ta kawo kazarta ba. An biya kuɗi masu yawa, amma ba daga aljihunsa ba. Abin da ya rage masa shi ne ya tashi ya bi wanda ya zo ɗaukarsa.

A nan na ga yadda lada da jinƙai suka haɗu a kalma ɗaya. Jinƙai yana da tsada. Wani ne dai yake biya.

Yesu ya kira mutuwarsa fansa. Tun ina yaro nake jin haka a majami'a, muna rera shi, muna amsawa. Sai a shekarun nan kalmar ta yi nauyi a bakina. Ka zo inda nake ɗaure. Ba ka aiko da saƙo daga nesa ba. Ka zauna a madadina, ka ce in tafi gida.

To, wanda aka yi wa haka, da wane baki zai zo da lissafi?

Akwai wani abu kuma da lissafin nan ke yi, wanda ya fi ba ni tsoro. Yana sa mu taurin zuciya ga wanda masifa ta faɗa wa. In na ɗauka zaman lafiyata ladan kirkina ne, to wanda aka ɗauka fa? Sai a fara raɗe-raɗi. Me ya kai shi gona da yamma? Ai ya cika nuna samu. Matar da ta dawo kuwa, maimakon a rungume ta, sai a bi ta da ido da tambayoyin da ba a furtawa. Ta fito daga wani daji ta shiga wani.

Ka tsare ni daga wannan, ya Ubangiji. Daren da na kwana lafiya, ban fi wanda bai kwana ba. Kyauta ce.

Ina kuma kawo maka waɗanda ba su dawo ba. An biya, an jira, shiru. Akwai masu suna Rahama a cikinsu, akwai masu suna Alheri. Suna bai zama laya ba. Ita ma Mercedes Jellinek, da sunanta ya zagaye duniya a goshin mota, ta rasu a 1929 tana da shekara 39.

A nan zuciyata takan tsaya. Takan so ta ce, ina jinƙan yake?

Ba na ɓoye maka tambayar. Ka riga ka ji ta kafin ta fito. Abin da na lura shi ne, ko tambayar ma wurinka nake kawowa. Ba ni da wata ƙofa. Kuma duk lokacin da na zo da ita, ba ka kore ni ba.

Wataƙila haka dogara take farawa. Ɗan ƙwadago yana amincewa da mai gona gwargwadon yadda aka biya shi jiya. 'Ya kuwa tana kwana a gidan ubanta ran da aka ci tuwo da nama, tana kwana ran da aka sha kunu kawai. Ba ta neman wani gida don yau babu. Ta san inda take.

Ina so in san inda nake.

Ka kira ni naka tun ban yi komai ba. Ka san abin da zan zama, da inda zan gaza, ka kira ni duk da haka. Aikina bai jawo wannan ba, saboda haka gajiyata ba za ta kore shi ba. In na riƙe wannan da kyau, tsoro yana raguwa. Ba ya tafiya duka. Kare ya yi haushi da tsakar dare, gabana yana faɗuwa kamar na kowa. Amma ina da wanda zan kira, kuma ba sai na fara nuna masa takardar aikina ba.

Yau ma zan fita aiki. Gona ba ta noma kanta, kuma kai ba ka son lalaci. Zan yi addu'a, zan yi bayarwa, zan yi ƙoƙarin riƙe gaskiya. Ka sa in yi su don na riga na karɓa. In yamma ta yi, kada in tsaya a gabanka ina ƙirga kunyoyi. In zo kawai, in zauna, in ce na gode.

Ka tuna da waɗanda suka wayi gari a daji yau. Ka ba su ruwan sha, ka ba su barci, ka sa tausayi a zuciyar masu tsaronsu. Ka tuna da uwayen da ke zaune da waya a hannu. Ka kiyaye masu kai kuɗi, su je su dawo. Ka ba shugabanninmu da jami'an tsaro gaskiya da ƙarfin hali, har ranar da ba za a ƙara sayar da saniya don a sayi mutum ba. Su ma masu bindigar, uwa ce ta haife su, an kuma yi musu suna ran bakwai. Ka juyo da su.

Ka albarkaci kowace Rahama da Rahmatu, kowace Alheri da Kyauta a ƙasar nan, da kowace Mercedes a can nesa. Amin.

Kai kuma ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, da kuka yi wannan bimbini tare da ni: in akwai gida a unguwarku da ake haɗa kuɗin fansa, ku kai abin da ya sawwaƙa yau, ko mudun gero ne. In akwai wadda ta dawo, ku je ku yi mata barka da arziki, ku kira ta da sunanta, ku zauna ku ci abinci tare da ita. Kada ku tambaye ta komai.